Masu cewa a raba bindigogi, wa zai koya musu, kuma da wane harsashi?

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida sauran ma'aikatan jaridar taku da masu karatu na nan Nijar da na ƙetaren iyaka. Ka ba ni ɗan fili don Allah, na san wasiƙar za ta yi tsawo amma ka yi haƙuri da tsoho, maganar ce ta daɗe tana cina a rai.

Ni mutumin Maradi ne, na sa kaki shekara 26 kafin in yi ritaya, kuma a cikinsu wajen shekara bakwai aikina shi ne tsayuwa bayan sabbin ɗauka a filin harbi ina musu tsawa har muryata ta dushe. Ban kai wani babban hafsa ba, a ajidan na tsaya, amma bindiga dai na san halinta kamar yadda makiyayi ya san halin saniyarsa.

Satin da ya wuce muna zaune a fada bayan isha'i ana jiran shayi na biyu, sai ɗan ƙanwata mai kabu-kabu ya miƙo min salularsa, wai in kalli wani bidiyo a TikTok. Wasu ƙartin Amurka ne da gemu da baƙin tabarau, suna gudu suna durƙusawa suna harbin faranti na ƙarfe, su canza gidan harsashi kafin ka ƙifta ido, ga kiɗa a ƙasa. Ya ce min "Kawu dubi nan, walle da za a ba mu irin wanga horo na kwana uku a miƙa ma kowa kalash, da ɓarayin Baban Rafi sun bar mana dajin." Kalash dai ita ce bindigar AK-47. Duk samarin da ke wurin suka ce ƙwarai kuwa. Ni ban yi dariya ba, don na san daga inda maganar ta fito. Yaron nan abokinsa aka tare a hanyar Gabi aka ƙwace mashin, ƙanin matarsa sai da aka sai da gona aka biya fansa kafin a sako shi. Duk wanda ke da dangi a yankin Madarunfa ko Gidan Rumji ya san daren da ake kwana da takalmi a ƙafa, tun 2019 muke ganin dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna shigowa da ɗan ƙullin kayansu, sojojin Farautar Bushiya, rundunar da aka kafa don yaƙar ɓarayin daji a yankin Maradi, na iya ƙoƙarinsu Allah ya saka musu, amma iyakar da tsawo dajin da faɗi. To wanda aka kora wa shanu in ya ce a ba shi bindiga ba za ka ce mishi mahaukaci ba.

Sai dai akwai abin da bidiyon bai nuna musu ba, shi na zo faɗa.

Irin waɗannan makarantun harbi na Amurka gaskiya ne akwai su, ɗaya daga cikin na farko-farko wani tsohon sojan ruwa ne mai suna Jeff Cooper ya buɗe ta a jihar Arizona a 1976. Mutum ne zai biya kuɗinsa, ya zo da bindigarsa da harsashinsa, a kwana biyu ko uku sai ya harba ɗari biyar har zuwa dubu, a fili mai tudun ƙasa a baya da zai tare harsashi, ga malami a kansa ga akwatin magani a gefe. Kuma mafi yawansu ba ranar suka fara taɓa bindiga ba, sun daɗe suna yi, in sun koma gida su ci gaba. Daƙiƙa talatin ɗin da yaro ya gani a salula an yanko ta ne daga wahalar shekaru. Sannan farantin ƙarfe ba ya ramawa, wannan ma a tuna.

Abin da ake fara koya musu kafin a yi harbi ko ɗaya shi ne ƙa'idoji huɗu na shi Cooper ɗin, kuma mu ma da wasu kalmomi su muke dannawa a kan sabbin ɗauka. Kowace bindiga ka ɗauka a ɗure take ko da kai ka zazzage ta da hannunka. Bakinta ba ya kallon abin da ba ka shirya hallakawa ba. Yatsa ba ya hawa kunama sai ka saita. Ta huɗun kuma, ka tabbatar da abin da kake harbi da abin da ke bayansa. Malam Edita, ka tsaya a kan ta huɗun nan ka kawo ƙauyukanmu a ranka. Darni na kara ne, ɗaki na zana ko na ƙasa, ƙofa ta kwano, yara na kwance a tsakar gida saboda zafi. Harsashin kalash yana ratsa zana da kwano kamar takarda, in bai samu abin da ya tsai da shi ba yana iya tafiyar fiye da kilomita biyu. Yanzu a ce tsakar dare kare ya yi haushi, wani ya ƙwala ihu ga su nan, samari goma kowa da kalash kowa zuciyarsa na dukan uku-uku, babu wanda ya san inda ɗan'uwansa ya laɓe. Wa kake jin za a kwasa da safe?

Na ga yaro ƙaƙƙarfa, ɗan kokawa ne ma a garinsu, ranar farko da ya ji ƙarar bindiga a kafaɗarsa ya runtse ido ya danne kunama a kan rafal, wato harbi a jere ba tsayawa, harsashi 30 suka ƙare cikin daƙiƙa uku, na farko ne kaɗai ya je kusa da allo sauran duk sun tafi gaida taurari. Da ya juyo zai ba ni haƙuri sai ya juyo da bindigar gaba ɗaya tana kallon cikina. Wannan da rana tsaka kenan, cikinsa a ƙoshe, ba mai harbinsa. Watanni muka yi kafin hannunsa ya daina yin abin da tsoro ya sa shi. Kuma ko wanda ya ƙware in ya shekara bai je fili ba sai ka ga hannun ya yi sanyi, kamar mahaddacin da ya bar tilawa.

To ita kanta bindigar fa. Mutanenmu sun ɗauki kalash kamar aljana, wai ko ka binne ta a taɓo shekara ka tono za ta tashi. E, Mikhail Kalashnikov ya yi aiki mai kyau a 1947, ya bar wa kayan cikinta sarari don ƙura ko datti kaɗan kar su tsai da ita, shi ya sa ta cika duniya, Rasha ta yi, Sin ta yi tata, ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Amma waɗanda ke yawo a hannun mutane a yankin nan tsofaffi ne, da yawa sun biyo sahara bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, sun wuce hannu goma, wata an binne ta wata an ɓoye ta a rumbu damina ta yi mata duka. Ka leƙa cikin bututun ka ga zanen da ke murɗa harsashi ya shafe, tsatsa ta ci, to irin wannan ko ka saita daidai harsashi inda ya ga dama yake zuwa. Kuma a iya abin da na gani yawancin cijewar kalash daga gidan harsashi take zuwa, bakinsa ya lanƙwashe ko waya ta ciki ta gaji, mutum ya yi ta zagin bindiga alhali laifin na wancan ɗan gwangwanin ne. Sai batun mai. Da hunturu in ka cika mata mai ƙurar nan tana haɗuwa da shi ta zama kamar ƙullun fura. Na taɓa karɓar bindigar wani da ya shafe ta da man gyaɗa, wai ai mai mai ne, Allah na tuba har yau in na tuna sai na yi dariya, mu 'yan Maradi komai sai mun sa mishi gyaɗa.

Kar ma a ce matsalar talauci ce kawai. Amurka da duk kuɗinta ta sha wannan a yaƙin Biyetnam. An kai wa sojojinsu sabuwar M16, aka canza irin albarushin da ke cikin harsashin ba wanda aka gwada bindigar da shi ba, aka bar su da tunanin wai ba ta buƙatar wanki sosai, kayan gogewa ma bai ishe su ba, ga laimar daji. Sai kwanso ya riƙa maƙalewa a ciki ana tsakiyar faɗa, aka riƙa samun gawar soja da bindigarsa a warware a gefe yana ƙoƙarin gyarawa aka kashe shi. Sai da majalisarsu ta kafa kwamitin bincike a 1967, aka gyara bindigar aka raba kayan wanki aka koyar da mutane, sannan ta zama abin da ta zama. Bindiga ɗaya ce fa, albarushi da rashin koyarwa suka mai da ita sanda.

Wannan ya kawo ni kan harsashi, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don kowa maganar bindiga yake ba mai maganar abin da ake ɗura mata.

Harsashi yana tsufa. Yana jin zafi yana jin laima. In yana cikin gwangwaninsa na asali a rufe, irin mai kama da na sardin ɗin nan, a ɗaki mai inuwa, yana iya shekaru da yawa lafiya lau. Amma da an fasa gwangwani aka zuba a buhu ko aljihu, gumi ya taɓa, rana ta gasa, damina ta jiƙa, to sai abin da Allah ya yi. A wani wuri da na yi aiki can arewa, ba zan faɗi suna ba, an taɓa barin wasu akwatuna a ƙarƙashin rumfar kwano bazara biyu, kuma ka san zafin watan Afrilu da Mayu a ƙasar nan yana haura digiri 40 a inuwa balle ƙarƙashin kwano. Ranar da muka fito da su don atisaye, a cikin goman farko da na harba da hannuna uku ba su tashi ba, ɗaya kuma ya yi wani ɗan tari kamar na jinjiri. Allah ya taimake mu a filin atisaye muka gano. Mun duba lambar da ke jikin akwatin muka ware duk 'yan uwansa, don kowane akwati yana da lambar rukunin da aka ƙera shi, kuma a gindin kowane kwanso akwai alamar masana'anta, galibi har da shekara. Wanda ya sayi harsashi ƙirge a leda daga hannun ɗan sumoga, wace lamba zai duba?

Akwai abu biyu da nake so duk mai riƙe bindiga ya sani, ko mafarauci ne ko mai gadi. Na farko harsashin da ka ja kunama ya yi shiru, wani lokacin bai mutu ba, jinkiri ya yi, bayan 'yan daƙiƙoƙi sai ya tashi, shi ya sa ake cewa ka bar bakin yana kallon inda ba kowa ka ɗan jira. Mutanenmu kuwa mi suke yi, sai su juyo da ita su leƙa. Na biyu shi ne mai ɗan tarin nan, albarushinsa ya yi rauni ya tura kan harsashin ya tsaya a tsakiyar bututu, in ba ka lura ba ka sake harbawa a kansa to bututun ne zai tsage a fuskarka. Ga kuma tsohon harsashin Rasha da na Sin da yawansa yana barin wani gishiri a cikin bututu, in ba a wanke ba a ranar, da damina kwana biyu ya isa ka ga tsatsa. Waɗannan ba sirrin soja ba ne, abin da ya kamata a ce an faɗa wa mutum ne kafin a bari ya taɓa ƙarfen.

Bara wajen kaka na je dubiya asibiti na tarar da wani magidanci daga wani ƙauye kudu da nan, hannun hagu a naɗe, yatsu uku sun tafi, ido ɗaya likita ya ce sai dai addu'a. Ba ɓarayi suka harbe shi ba. Yana cikin masu sintirin dare na garinsu da harba-ka-ruga ƙirar maƙeri, wani ya ba shi shawara wai ya ƙara mata ƙarfi da albarushin zamani, ita kuwa bututunta ba a yi shi don ɗaukar wannan ƙarfin ba, ranar da ya gwada ta fashe. Yana da 'ya'ya shida kuma da hannun nan yake noma. Matarsa na zaune a ƙasa tana mishi fifita, na ce "sannu baiwar Allah, Allah ya ba shi lafiya", ta ce "amin Baba, ai da ya bar su sun kore awakin." Na rasa abin da zan ce mata.

In aka haura sama kuma zuwa rumbunan gwamnati, a nan ma Afirka mun sha kuka. Ranar 27 ga Janairun 2002 ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja a Legas ta kama da wuta, mutum fiye da dubu suka mutu, akasarinsu a cikin ruwa suka faɗa wajen gudu da dare. A watan Maris na 2012 aka yi irinta a Barazabil, a watan Yunin 2024 kuma a Injamena nan maƙwabtanmu. Duk bariki ne da gari ya girma ya kewaye shi. Ni dai duk lokacin da na ga sabbin gidaje suna matsowa jikin katangar soja a kowane gari sai gabana ya faɗi.

Na san za a ce min to ai maƙwabta sun yi. Gaskiya ne, gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a Katsina a watan Oktoban 2023, Dauda Lawal ya fito da Askarawan Zamfara a Janairun 2024, Burkina kuma tun Janairun 2020 ta yi dokar 'yan sa-kai da ake ce wa VDP, horon farko da dokar ta tanada kwana 14 ne. Ba na raina jaruntakar waɗannan mutane, da yawansu sun ba da ransu. Amma ni da na koyar, na san abin da kwana 14 ke iya sa wa a hannun mutum, zai iya kwance bindiga ya ɗaura, zai iya harbin allo, amma sanin lokacin da ba a harbi, da bambance makiyayin da ke neman saniyarsa da ɗan leƙen asirin ɓarayi cikin duhu, wannan ba ya samuwa a sati biyu. Mu a nan mun san kisan da aka yi a rikicin manoma da makiyaya a ƙauyen Toda a 1991, ba ma son abin da zai sake haɗa manomi da makiyayi, balle a ce wannan karon kowa da kalash.

Yanzu Faransawa sun tafi a Disamban 2023, Amurkawa sun kwashe nasu a Satumban 2024, shirin Turai na EUCAP da ke horar da 'yan sanda da jandarmomi tun 2012 shi ma an rufe shi. Ba na shiga siyasar wannan, kowa da ra'ayinsa, abin da na sani kawai shi ne ko su waye abokan hulɗa na yau, nauyin koyarwa a wuyanmu yake. Kuma koyarwa kuɗi ce, don harsashin atisaye ƙonewa yake ba a ganin komai a ƙasa, ba kamar sabuwar mota ba da za a jera a ɗauki hoto. Shi ya sa in kuɗi ya yi ƙaranci shi ake fara yankewa a ko'ina a duniya. Ba mu manta ba, bayan harin sansanin soja na Inates a Disamban 2019 inda muka rasa soja 71, da na Shinagodar a Janairun 2020 inda muka rasa 89, binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro a 2020 ya nuna kusan miliyar 76 na sefa sun salwanta ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Ka lissafa min akwatin harsashi nawa wannan kuɗin zai saya, yaro nawa zai je fili duk wata.

Roƙona ga mahukunta, da girmamawa, a yawaita kai yaranmu masu kaki filin harbi ko da ba a shirin fita aiki, a riƙa gwada harsashin da ya daɗe a ajiye kafin a raba shi, wanda ya lalace a lalata shi kar a ce asara ne. In kuma har wata rana hukuma ta ga dole sai an sa 'yan gari cikin tsaron garuruwansu, to a yi shi da rajista, da mai gari da limami da arɗo duk su sa hannu a kan sunan mutum, bindiga ta kwana a hannun hukuma, harsashi a ƙirga a ba ka a ƙirga ka maido, kuma horon ya zama ana komawa. Mu tsofaffin da muka yi ritaya muna nan birjik a Maradi da Tasawa da Dakwaro muna shan shayi, a kira mu mana. Ko mafarauta da masu gadi aka tara mana a filin makaranta ranar Lahadi, ba tare da an harba ko ɗaya ba, muka koya musu ƙa'idojin nan huɗu da yadda ake ɗaure jini in an ji rauni, an rage wani abu. Masu riƙe da bindiga ba takarda kuma su sani doka ba ta yarda ba, hukumar CNCCAI mai karɓar makaman da ba sa bisa ƙa'ida tana nan tun 1994.

Shi kuwa ɗan ƙanwar tawa, washegari da safe sai ga shi a gida wai shi dai in fara koya mishi. Na ɗauko ƙotar fartanya na miƙa mishi na ce wannan ita ce kalash ɗinka, a ɗure take, ka riƙe ta minti goma muna hira kar bakinta ya kalli kowa. Ya ce "haba Kawu, wannan ai wasan yara ne." Ba a yi minti biyu ba uwarsa ta yi sallama ta shigo da kwanon koko, ya juya gaba ɗaya zai gaishe ta, ƙotar na saitin ƙirjinta. Na ce mishi ka kashe min ƙanwa, aje ka tafi aikinka, ka dawo jibi mu sake.

Na gode Malam Edita, Allah ya ba mu zaman lafiya.

Naka,
Tsohon ajidan mai ritaya,
Unguwar Zariya, Maradi.